Shekarar da Dezza Ya Shimfiɗa wa Kofin Ulu Ciyawa

Ku gyara zama ku ji, wannan kam da idona na gani, ba ji na yi a bakin wani ba. Duk wanda ya ba ku labarin gasarmu ta hamsin ta wata fuska daban, ku tambaye shi ko daga Dezza ya samo. In ya ce e, ku zubar da rabi, sauran rabin kuma ku tace shi da rariya.

Sunana Merle, ni ke riƙe da kicin ɗin kulob ɗin golf na Yallabinda, bana shekara talatin da ɗaya ke nan. Tagar kicin ɗina tana kallon rami na goma sha takwas, don haka babu abin da ke wuce ni. Dezza kuwa, wato Desmond Pickersgill, mijin yayata Noelene ne, ba wanda zai gaya mini halinsa. Mutumin kirki ne, ba ya rowa, in motarka ta mutu a hanya shi zai fara tsayawa. Sai dai zai ƙara lalata maka ita, sannan ya gaya maka cewa da shawararsa aka ƙera irinta.

Gasar tamu sunanta Kofin Ulu, masu askin tumaki ne suka kafa ta. A shekarar farko suka haɗa damin ulu guda, suka aika wa ƙwararrun 'yan golf na birni cewa duk mai jin ya iya ya zo ya ɗauka. Mutum takwas suka zo. Wanda ya ci ya ɗaure damin a rufin motarsa, ya tafi yana zage-zage don motar ta ƙi wuce gudun keke. Tun daga nan ba a taɓa fashi ba, ko shekarar ambaliya, ko shekarar da ɓeraye suka cinye mana alkama. Har yau wanda ya ci da kofi da dami yake tafiya. A wannan makon ne kuma 'ya'yanmu da suka watse birane suke dawowa gida, Kirsimeti ma ba ta kwaso su kamar yadda Kofin Ulu ke yi.

Mu a nan a kan yashi muke bugawa, ruwan raya ciyawa ba mu da shi. Kowane rami yana tsakiyar da'irar yashi ne, wanda aka cuɗa da mai don kada iska ta kwashe. In ƙwallonka ta hau yashin, sai ka ɗauki ƙarfen sharewa ka ja shi daga inda take zuwa bakin rami, hanya ta fita sumul, ka tura abarka. In kun gama, na ƙarshenku ya bi da'irar da manjagara ya goge sawun kowa. Shi ramin gwangwani ne da masu aski suka binne a tsakiya, ba a haƙa shi, ba a sake masa wuri. Yana nan inda yake kamar rijiyar gari.

Mai kula da yashin nan goma sha takwas shi ne Baba Clarrie Tonkin, ɗan shekara tamanin da ɗaya. Shi ya ja manjagara a gasar farko, shi ya ja a ta arba'in da tara. Ba shi da yawan magana. Abu ɗaya na taɓa jin ya roƙa a duniya: Allah ya kai shi ta hamsin, ya ja ta ƙarshe, ya miƙa wa wani.

Shi kuwa Dezza nasa tarihin daban ne. A faɗarsa, a gasa ta bakwai, yana saurayi, ya shiga cikin ƙwararru ya gigita su. A rami na ƙarshe ƙwallonsa na dab da faɗawa, sai wani hankaka ya sauko ya sure ta, da ba don haka ba da sunansa na kan allon zakaru. Farkon da na fara jin labarin, tsakanin ƙwallon da rami taku uku ne. Lokacin da ya auri Noelene ya koma kamu ɗaya. Yanzu yatsa biyu ne, kuma in Allah ya ja kwanansa, daga cikin ramin hankakan zai tsamo ta. Baba Clarrie yana wurin a ranar, amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa uffan ba.

To ana saura wata biyu a yi ta hamsin sai ga wasiƙa daga ƙungiyar ƙwararru. Sun ce ƙananan gasa sun yi musu yawa, tsakaninmu da garin Morvale ɗaya za a bar wa makon. Morvale suna da kogi, suna da ciyawa kore shar, suna da hura hanci. Za a turo wata Madam Kostakis ta kalli tamu, abin da ta ce shi ke nan. In aka ɗauke gasar nan, garin namu zai koma mu da tumaki da tsofaffi, muna kallon juna.

Rashin sa'ar da muka yi, a shekarar Dezza ne shugaban kulob, don ranar zaɓe shi kaɗai ya ɗaga hannu. Ya tara mu a baranda, ya soke babban yatsa a bel, ya ce mu kwantar da hankalinmu, Allah ya kawo mu zamaninsa.

"'Yan birni ciyawa suke so, ciyawa kuwa za su samu," in ji shi. "Ni na yi kwana huɗu a birni, na san filayen nan kamar yunwar cikina. Ba wani abu ba ne, shimfiɗa ce kawai kamar darduma."

Noelene ta tuna masa cewa kwana huɗun a gadon asibiti ya yi su, ana yi masa aikin gwiwa. Ya ce ai tagar ɗakin filin golf take kallo, kuma mai basira kallo ɗaya ya ishe shi. Ba duka sha takwas ɗin zai taɓa ba, na ƙarshe kaɗai, wanda ke gaban baranda, don shi baƙuwa za ta tafi da shi a ranta. Ya ce kuma zai rubuta littafin tarihin gasar a raba wa jama'a.

Baba Clarrie ne ya ɗago kai. Shi kaɗai ke kiran Dezza da cikakken sunansa.

"Ciyawa ba ta cin mai, Desmond."

"Baba, da girmanka, zamani ya wuce nan. Ka ji da sha bakwai ɗinka, ka bar mini ɗaya."

Da aka watse sai tsohon ya leƙo kicin ya ce in ara masa murfin gwangwanin biskit. Ta taga na hango shi ya taka har tsakiyar yashin, ya durƙusa da ƙyar, ya kifa murfin a bakin ramin, ya tura yashi ya rufe. Ya dawo ya jingine manjagarar ramin a bangon kicin ɗina, ya tafi gida. Wallahi ranar raina ya ɓaci, har kek ɗin da na sa a wuta ya ƙone.

Bayan kwana biyar babbar mota ta kawo ciyawa daga birni, an yanko ta da ƙasarta an naɗe kamar tabarmi. Direban ya ce sai an kwashe yashin an zuba ƙasa mai kyau tukuna. Dezza ya ce masa shi tuƙi aka aiko shi ko wa'azi. Ya warware naɗin ɗaya bayan ɗaya a kan yashin mai, ya jawo tiyo daga rijiyar burtsatsen kulob, ya sakar mata ruwa. Ruwan rijiyar nan gishirinsa ya isa a dafa taliya, kare ma in ya shinshina wucewa yake yi. Kwana huɗu ciyawa ta koma kalar gasasshen burodi. Muka tambaya, ya ce hutawa take yi, gajiyar hanya ce. Bayan mako guda tana karyewa a hannu, ya ce 'yan birni sun cuce shi, tsohuwar ciyawa suka sayar masa.

Aka kawo ta biyu. Wannan karon ya gane ruwan ne, sai ya riƙa cika durom a bayan a-kori-kurarsa yana kawowa safe da yamma. Ba mu san daga ina yake ɗiba ba sai ranar da Noelene ta murɗa famfo za ta cika butar shayi, famfon ya yi tari ya yi shiru. Ashe tankin ruwan samansu ya tatse, wanda suke sha, a shekarar da hadari ko leƙo mu bai yi ba. Ta iske shi a fili da buta a hannu, ni kuma na buɗe taga sosai don kada in yi asara.

"Dezza, ruwan shayina ne wannan ciyawar ke sha?"

"Tarihi ne ke sha, Noel. Nan da shekara hamsin za a ce daga gidanmu ruwan ya fito."

"To in ƙishirwa ta kama ka, ka je tarihi ya dafa maka."

A ranar ta kwaso kayanta da butarta ta tare a gidana. Amma fa ciyawa ta yi kore, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Dezza ya shiga tafiya yana buɗa hannuwa kamar mai ƙurji a hammata. Ya aika littafin tarihinsa wurin bugu tun ba a je ko'ina ba. Shafi arba'in ne, goma sha ɗaya na hankaka, kuma shafin ƙarshe ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa a shekara ta hamsin an buga Kofin Ulu a kan ciyawa, albarkacin hangen nesan D. Pickersgill.

Abin da bai lissafa ba shi ne, a faɗin tafiyar awa biyu ta kowace fuska, babu wani koren abu sai wannan 'yar da'irar tasa. Wata safiya na zo buɗe kicin rana na fitowa, na ga kangaru, dabbobin dajin nan masu tsalle da ƙafa biyu, sun cika wurin, na ƙirga talatin da uku, kowa ya duƙa yana karin kumallo. Dezza ya diro daga mota da sandar golf yana ihu. Ƙananan suka watse. Babban namijin kuwa ya miƙe tsaye, ya fi shi tsawo da kai guda, ya sosa ƙirji yana kallonsa. Dezza ya rage gudu, ya tsaya, ya sauke sanda, na rantse har hula ya taɓa masa, sannan ya koma mota da baya da baya. Da rana ya gaya wa mutane cewa da gangan ya ƙyale su, askin da suke yi wa ciyawa ya fi na inji.

Duk da haka washegari ya kewaye wurin da waya mai tsawo, ya sa ƙofa da kwaɗo. An gudu ba a tsira ba. Fararen akun dajinmu masu rawayan tukku ba ruwansu da ƙofa, ta sama suka zo, garke guda, suna ɗaga gefen shimfiɗar da baki suna cin saiwa, suna ihu kamar ana rabon gado. Dezza ya haɗa mutum-mutumi ya sa masa kwat ɗinsa da hularsa ya kafa a tsakiya. Akun suka mai da kafaɗunsa wurin hutawa. Mutanen gari kuwa duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya gai da mutum-mutumin, ya ce tun da aka zaɓi shugaba bai taɓa yin magana mai ma'ana kamar ta yau ba.

Ana saura kwana shida, ya aro tamfol ɗin rufe ulu, ya lulluɓe da'irar gaba ɗaya, ya danne da duwatsu. Ya liƙa takarda cewa ba mai leƙawa, ko ƙwararru ba za su gwada wurin ba sai ranar gasa, so yake kowa ya sha mamaki. Baba Clarrie ya zo wucewa da ƙarfen sharewa a kafaɗa, ya dubi tamfol, ya dubi rana, ya girgiza kai ya wuce. Na ce masa ya yi magana mana. Ya ce ya riga ya yi, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ana gobe gasa Dezza ya ɗaga gefen tamfol ya leƙa. Ina kallonsa ta taga, ya saki da sauri, ya waiga hagu da dama, ya sake ɗagawa ko zai ga ta canja. Ciyawa ta yi fari-fari rawaya-rawaya kamar cikin kabeji. Ya shiga mota ya nufi shagon kayan gini.

Ranar gasa da sassafe ina jera sosej, naman gashinmu na ranar gasa, sai ga shi ya shigo neman shayi, girarsa kore, gashin hancinsa kore. Fentin rufin kwano ya saya, ya ɗura a injin feshin maganin ciyawa ya bi da'irar kaf. Na ce masa, Yaya, ka dai duba komai ko? Ya ce in bar shi da aikinsa in ji da tukunyata, komai ya kammala, tuta ma da hannunsa ya kafa ta, da guduma. Ni ma fa ban kawo komai a raina ba. Na ba shi shayinsa da kek mai kwakwa, ya sha ya tafi ya sa farin wando.

Gari ya cika. 'Ya'yanmu sun dawo da jikoki, hayaƙin gashi ya tashi, damin ulu na kan tebur kusa da kofi. Madam Kostakis ta iso a makare, 'yar ƙaramar mace mai farin takalmi da ɗan littafi a hannu, ba ta da fara'a ba ta da fushi. Dezza ya cusa mata littafin tarihinsa, ya kuma sa kansa a rukunin farko tare da zakaran bara, wani saurayi mai ladabi, Brodie Marchetti. Ita kuma ta ce za ta bi su a ƙafa.

Waɗanda suka bi su sun ce rami goma sha bakwai Madam ba ta ce komai ba. A kowanne sai ta tsaya ta dubi yashin Baba Clarrie, ta taɓa da yatsa, ta rubuta wani abu. Dezza kuwa a kowanne sai ya ba ta haƙuri, ya ce ta yafe mana wannan ƙauyancin, abin kallo na gaba. Nasa wasan kuma ba a magana. Ya buga ƙwallo cikin wurin ajiye motoci, ya buga ɗaya ta koma bayansa, kuma kowace da laifin iska.

Da tsakar rana suka ɓullo wa na sha takwas. An cire waya, an janye tamfol, duk garin na baranda. Da'irar na ƙyalli kamar sabon bokiti, warinta har kicin. Brodie ya ɗaga ƙwallonsa sama, ta sauko kusa da tuta, ta tsaya cak inda ta faɗi, ko motsi ba ta yi ba. Wasu suka fara tafi, Dezza ya ɗaga musu hannu kamar shi ya buga.

Madam ta taka da'irar, muka ji caɓ. Ta ɗaga ƙafa ta dubi takalminta, ta sauke, muka sake jin caɓ. Brodie ya ɓamɓaro ƙwallonsa, rabinta fari rabinta kore, ya goge a tawul bai ce komai ba, Allah ya yi wa iyayensa albarka. Ya ajiye ta, ya gyara tsayuwa, ya roƙa a cire masa tuta.

Dezza ya ce ba mai taɓa wannan tuta sai shi, ranar tarihi ce. Ya kama da hannu ɗaya, ta ƙi. Ya sa biyu, ta ƙi. Ya buɗa ƙafafu ya tattaro ƙarfinsa ya fizga, tuta ta fito, shi kuma ya tafi da baya ya zauna daɓas a kan fenti da farin wandonsa. Inda tutar ta fito, 'yar huda ce wadda yatsa ma sai ya yi da gaske zai shiga.

Brodie ya duƙa ya duba, ya miƙe, ya tambaya a hankali.

"Shugaba, ina ramin?"

Dezza ya dubi hudar, ya dubi tutar da ke hannunsa.

"Yana nan mana. Ai kullum yana nan."

A nan ne abin ya faɗo mana gaba ɗaya. A filin ciyawa yanka rami ake yi, mu kuwa tun da aka haife mu ba wanda ya taɓa ganin an yanka rami, namu yana zaune ne kawai. Dezza ya shimfiɗa ciyawa a kansa har sau biyu, ya shayar da ita, ya yi mata shinge, ya yi mata fenti, bai taɓa tambayar kansa ta ina ƙwallo za ta shiga ba. Daga zaunen da yake ya kama danna wurare da tafin hannu, yana cewa ɗazu ma ya gan shi. Baranda ta fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi, har hawaye.

Sai na ga Madam Kostakis ta rufe ɗan littafinta ta sa a jaka. Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, ba a kammala gasa a rami goma sha bakwai, ga kuma rukuni na biyu da na uku can suna jira, ita ta ga abin da za ta gani. Na dubi Noelene, ta rufe fuska da hannu. Na dubi yaranmu da suka yi tafiyar yini guda don su zo. Shekara hamsin, mijin yayata ya binne su da guduma.

Baba Clarrie yana zaune a kujerarsa jikin bangon kicin. Ya miƙe a hankali, ya ɗauki manjagarar da ya jingine tun makonni, ya karkaɗe mata yanar gizo.

"Madam, ki ara mini minti goma sha biyar," in ji shi. Ya juya ga baranda. "Ku kuma ku zo ku naɗe mini wannan tabarmar."

Ciyawa dai ba ta cin mai, kamar yadda ya faɗa. Ko saiwa ɗaya ba ta kama ƙasa ba, ana ɗaga gefe take tasowa. Samari da 'yan mata da suka zo da kayan birni suka zubo, masu aski suka zubo, Noelene ta tattare riga ta shiga, ni ma na bar sosej a wuta. Muka yi ta naɗewa muna jidawa, hannuwa kore har gwiwar hannu. Yankin da Dezza ke kai ne ya rage, shi kuma ya kasa tashi don wandon ya manne. Ƙarti huɗu suka kama kusurwa huɗu suka ja shi da shi har gindin bishiya, tuta na hannunsa.

Tsohon ya taka zuwa tsakiya, bai yi lalube ba. Ya buga ƙotar manjagara sau ɗaya, muka ji ƙwal, murfin gwangwanin biskit ɗina. Ya ɗaga shi, ga rami nan tsaf, ko ƙwayar yashi babu a ciki. Ya bi da'irar da manjagara daga tsakiya zuwa waje, zagaye bayan zagaye, ba gaggawa. Ya karɓi ƙarfen sharewa ya ja daga inda ƙwallon Brodie take zuwa bakin rami, hanya ta fita sumul. Brodie ya tura, ta gangara, ta faɗa. Ihun da aka yi, akun da ke kan bishiya sai da suka tashi.

Madam ta ciro littafinta ta buɗe. Ta tambayi Baba Clarrie shekara nawa yana wannan aiki, ya ce yau hamsin. Ta ce filayen ciyawar da ta gani sun fi ɗari uku, amma irin sha bakwai ɗin da ta taka yau ba ta taɓa gani ba, tun a na biyar ta yanke shawarar bar mana gasar. Da ta hango koren nan ne ta canja, don in ciyawa ake nema, ta Morvale ta gaske ce. Yanzu za ta rubuta cewa Kofin Ulu na nan a Yallabinda, da sharaɗin kada a sake shuka ko albasa a wurin nan.

Kafin mu gama murna ta ɗago littafin tarihin Dezza. Ta ce ta leƙa shi a hanya, tana so ta ji daga bakin wanda ya gani, maganar hankakan nan gaskiya ce? Baba Clarrie ya dubi Dezza, wanda aka ɓamɓaro ya tsaya yana kare bayansa da hula.

"Hankaka kam an yi shi, Madam. Sai dai sosej ya sure, ba ƙwallo ba. A ranar Desmond tuta yake riƙe wa masu wasa. Shi ya sa na ɗauka ya san a cikin rami take zama."

Madam ta ce saura abu ɗaya, wa zai gaji tsohon, don ba za ta sa hannu a kan abin da zai mutu baɗi ba. Baba Clarrie ya taka har gaban Dezza ya miƙa masa manjagarar. Noelene ta ce, Baba, ka dubi Allah. Ya ce ya duba. Mutumin da ya yi mako shida yana tashi da asuba saboda wauta zai iya tashi saboda aiki, kuma duk garin nan shi kaɗai ne ba zai sake sha'awar ciyawa ba. Dezza ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce warin fenti ne.

Brodie ne ya sake cin kofin, ya tafi da daminsa. Littattafan tarihin suna nan a kicin, da su nake kunna wutar gashi, shafukan hankaka sun fi kamawa. Noelene ta koma gida ranar da aka yi ruwan farko, ba ta koma kafin nan ba.

Bara na ji Dezza ta taga yana ba wasu baƙi labari, ya jingina da manjagara. Wai da gangan ya shimfiɗa ciyawar don baƙuwa ta gane darajar yashi, dabara ce da shi da tsoho suka ƙulla. Hankakan kuma ya zama gaggafa. Na leƙo na ce masa sosej ya gasu, ko in ajiye wa gaggafar? Ya yi kamar bai ji ba, ya juya ya ci gaba da jan manjagararsa, Baba Clarrie na zaune a kujera yana nuna masa da sanda inda ya tsallake.